Tsagar Kwabo

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta mahaifiyarsa, bayan baƙi sun watse, sai ƴaƴanta uku suka shiga ɗakinta a Maraɗi domin a fito da abin da ta bari. Ba wani abu mai yawa ba ne: gadon ƙarfe, kwanonin jere, zannuwa kaɗan, da tumaki uku a ɗaure bayan ɗaki. A ƙarƙashin zannuwan, cikin wani tsohon adudu, aka tarar da ƙunshin tsumma mai nauyi. Da aka kwance shi sai ga kwabbai masu huji, an zura su a igiyar rama, duk sun dafe saboda daɗewa. Babban ɗanta, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana mushen lakkwal tsakanin Tasawa, Madarunfa da Maraɗi kafin ya aje aiki, shi ya zauna bisa tabarma ya ƙidaya su. Guda 161 ne.

Da don ta manya ne, da an zuba wa yara su yi dara da su. Amma ɗan ƙanwarsa, saurayi mai sayar da salula a babbar kasuwa, yana tsaye bakin ƙofa yana kallo. Ya ce: «Kawu, kada a taɓa su. Wallahi na ji a Jibiya ana neman kwabo mai huji, guda ɗaya miliyoyi.» Maganar ta faɗi inda ake da ƙishirwarta, domin uwar yaron, autar gidan, yana ta rufe mata idanu biyu, kuma lokotoro ya daɗe da cewa sai an yi mata aiki. Nan take aka shirya a bar ƙunshin a hannun Mushe, tun da shi ne babba kuma shi ya yi karatu, ya bincika ya faɗi gaskiyar abin. Ya karɓa yana sane da nauyin amanar. In ya ce dukiya ce, sai ya fito da ita. In kuwa ya ce ba kome ba ce, akwai wanda zai ce ya ci.

Bai yi mamakin samun kuɗin Ingilishi a ɗakin matar da ta yi rayuwarta duka a ƙasar Faranshi ba. Tsakanin Maraɗi da Katsina ba a kai kilomita 100 ba, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutane da kaya suka riƙa kwarara kudu. Mahaifinsa yakan tafi cin rani Kano bayan kaka. Mahaifiyarsa kuwa tana kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kasuwannin bakin iyaka, inda ake ciniki da kuɗi iri biyu, tamma da dala a gefe guda, kwabo da sule a ɗaya gefen. Lissafin farko da ya iya, tun bai san ƙofar lakkwal ba, a gindin tasarta ya koye shi: anini goma kwabo, rabin kwabo ɗari, kwabo da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam guda, wato kwabo 240. Da Nijeriya ta fito da kuɗinta na kanta a 1959, daga baya kuma ta koma naira da kobo ranar 1 ga Janairun 1973, sai abin da ya rage a hannun mutanen arewacin iyaka ya mutu a ƙunshi. Wasu sun yi wa ƴan mata ado da shi, wasu sun sa shi ƙarƙashin ƙusa wajen rufin kwano, wasu kuma, kamar tsohuwarsa, sun aje shi don ba su iya zubar da abin da suka taɓa yi wa gumi ba.

Ya aro gilashin wani mai gyaran agogo, irin wanda ake maƙalawa a ido. Wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Yamai ya turo masa ta salula hotunan shafuffukan wani kundi na masu tara tsofaffin kuɗi. Kowace safiya, bayan ya sha kunu, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a zaure inda haske yake shigowa, ya ɗauki kwabo ɗaya ɗaya, ya rubuta abin da ya gani cikin littafin rubutu mai layi, kamar yadda yake rubuta sakamakon jarrabawa a da.

Abu na farko da ya lura shi ne kwabon ba shi da hoton sarki, domin hujin ya cinye wurin da kai zai zauna. A fuska ɗaya akwai kambin sarauta daga sama, da sunan sarkin Ingila kewaye da baki, da darajar kuɗin an rubuta ta da boko da kuma baƙaƙen Larabci, saboda a lokacin masu karanta allo sun fi masu karanta boko yawa nesa ba kusa ba. A ɗaya fuskar akwai tauraro mai tsini shida, wanda malamai suka sani da hatimin Annabi Sulaimanu, da sunan ƙasa, da shekarar bugu daga ƙasa. An fara buga shi a 1907, zamanin Edward na Bakwai, kuma na farkon suna ɗauke da sunan Nijeriya. Daga 1912, shekarar da aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, sai aka cire sunan, domin kuɗin ya zama na ƙasashe huɗu: Nijeriya, Gwalkwas wadda ta zama Gana, Saliyo da Gambiya. Farare masu faɗi, na gamin jan ƙarfe da nikel, su ne tsofaffi. Jajaye ƙanana na tagulla sai daga 1952 suka fito. Wannan kaɗai ya ishe shi ya raba ƙunshin kashi biyu ba tare da gilashi ba.

Sai a rana ta uku ya ga abin da ya shekara sittin yana riƙewa bai taɓa gani ba. Dab da hujin, ta fuskar kambi, wasu kwabban suna da harafi ɗan mitsitsi wanda bai kai ƙwayar gero ba. Wani H, wani KN, wani SA, wani kuwa wurin a shafe yake. Kundin ya bayyana masa. Gidan buga kuɗi na sarki a Landan bai iya ƙosar da dukan ƙasashen da Ingila take mulka ba, don haka yakan ba da aiki ga wasu maƙeru, kowace kuma ta sa shaidarta. H na gidan Heaton ne a Birmingham, wanda ya rufe a 2003. KN na kamfanin ƙarfe na King's Norton ne, shi ma a gefen Birmingham. SA na Pretoria ne a Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi, na Landan ne. Mushe ya aje gilashin ya shafa kuncinsa. A zamanin ƙuruciyarsa ba a tambayar baƙo daga ina ya fito, fuskarsa ake dubawa, a san Bagobiri ne ko Bakatsine ko Badauri. Ashe kwabo ma da tsagarsa ta gado, sai dai wanzaminsa ya yi ta ƙarama ƙwarai.

Daga nan ya shiga ganin tsagar ko'ina. Su kansu kwabban Ingila na gida, waɗanda ba su da huji, akwai na 1912 masu H, da na 1918 da 1919 masu H ko KN, a rubuce gefen shekara. A Amurka ƙaramin kuɗinsu na jan ƙarfe mai hoton Lincoln yana ɗauke da D in an buga shi a Denver, ko S in a San Francisco ne. Na 1909 mai ɗauke da baƙaƙen sunan mai zanen, VDB, Philadelphia ta buga kusan miliyan 28, San Francisco kuwa 484,000 kacal, shi ya sa harafin S guda yake raba su a kasuwa kamar nisan sama da ƙasa. Ya laluba aljihu ya fito da dala biyar ta sefa, ya sa gilashi, sai ga ɗan ƙaho mai cike da albarkar gona, shaidar da gidan buga kuɗi na Paris yake sawa tun 1880. Ya tuna kuma da liyarin azurfa da maƙeran fari suke narkawa su yi mundaye: kowane yana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniya Mariya Tereza ta rasu, alhali an ci gaba da buga shi fiye da shekara ɗari biyu, a Vienna da Landan da Paris da Bombay da wasu biranen. Ya rubuta a gefen littafinsa cewa shekarar da ke jikin kuɗi shaida ɗaya ce, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya.

Rana ta biyar gabansa ya faɗi. Ya ci karo da kwabo tara na 1936 masu sunan Edward na Takwas, sarkin da ya hau gado a Janairu ya sauka a Disamba ta wannan shekarar saboda matar da yake son aure. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a Afirka ta Yamma da ta Gabas, da Fiji da Sabuwar Gini, an riga an buga masu huji, tun da ba sai an jira a sassaƙa hoton kansa ba. Mushe ya kwana yana lissafin kuɗin aikin ido. Da gari ya waye ya karanta shafin sosai, sai ya ga Landan da Heaton da King's Norton kowace ta buga miliyoyi, kuma mutane da yawa sun ɓoye su tun suna sababbi saboda labarin sarkin. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Ya gode wa Allah da bai kira kowa cikin dare ba.

Akwai wani iri da masu wannan sana'a suke kira alfadari, domin ubansa daban uwarsa daban. Ana buga kwabo da hatimi biyu na ƙarfe, na sama da na ƙasa, kuma wani lokaci ma'aikaci yakan haɗa waɗanda ba na juna ba. A gidan Heaton an sami kwabon 1936 da fuska ɗaya ta Afirka ta Gabas, ɗaya ta Yamma. An sami na 1945 mai sunan Edward na Takwas, shekara tara bayan saukarsa, kuma wannan samunsa da wuya ƙwarai. An sami na 1956 mai sunan George na Shida, wanda ya rasu tun 1952. Shekarar 1945 Mushe ya san ta tun yana yaro, domin ita ce shekarar da ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi aka tashi aka koma bisa tudu, kuma da ita tsohuwarsa take auna kome: wance an haife ta kafin ruwa, wane ya yi aure bayan ruwa. Yana da kwabo goma sha ɗaya na wannan shekarar. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa yana rawa. Duka George na Shida ne, kowane ɗan halal.

A hankali ya fahimci yadda ake yi wa tsohon kuɗi farashi. Ana duba yawan da aka buga a wannan shekara a wannan gida, da yawan da ya tsira. Ana duba lafiyar jikinsa: ko duwatsun kambin suna nan a tsaye, ko tsinin tauraron bai dakushe ba, ko haruffan bakin ba su narke cikin juna ba. Kwabon da bai taɓa shiga kasuwa ba yana iya ninka ɗan'uwansa da ya sha yawo sau da yawa. Ana duba kuma ko an taɓa shi da hannun gyara. A nan ne ya yi asarar da ta fi ba shi haushi, domin tun ranar farko uwargidansa, don ta faranta masa, ta ɗebi guda arba'in ta goge su da toka da tsamiya har suka yi ƙyalli. Ga mai tara kuɗi, dafewar shekaru ita ce fatar kwabo, wanda aka goge kuwa kamar an feɗe shi ne. Bayan duk wannan sai a sami mai saye, kuma masu sayen suna Turai da Amurka, inda ake sayar da irin waɗannan na yau da kullum tuli-tuli a kan kuɗi kaɗan. Da ya haɗa lissafi, ya ga ƙunshin duka da ƙyar ya sayi tunkiya ɗaya cikin ukun da ke bayan ɗaki.

Saura kwabo guda. Fari ne, na George na Shida, kuma SA ɗinsa a fili take. Kundin ya nuna cewa na Pretoria na 1947 ya cika duniya, shi kansa yana da guda goma sha huɗu, amma na 1946 yana cikin waɗanda masu tarawa suke nema ruwa a jallo. Wannan kuwa bakinsa na ƙasa ya cinye a karkace, kamar an goga shi a dutse shekara da shekaru. Ana karanta 194, sa'an nan sai santsi. Ya duba shi da safe, ya duba shi da fitila, ya ɗora takarda ya goga fensir a kai. Lambar ƙarshe ta tafi.

Ɗan ƙanwarsa ya zo da yamma, ya ji bayani, ya yi shiru. Can ya matso ya rage murya.

«Kawu, akwai wani maƙerin fari da na sani, hannunsa kamar allura. Shida ce kawai zai fito da ita. Wa zai sani ko da ma shidan ce?»

«Allah zai sani, ɗana. Ni ma zan sani.»

«Idon Inna fa, Kawu?»

Mushe bai amsa nan take ba, domin tambayar ta same shi. Ya san yaron ba ɓarawo ba ne. Shi yake jan hannun uwarsa zuwa bayan gida kowace asuba. Daga baya ya ce masa waɗanda suke biyan kuɗi mai yawa a kan harafi ɗaya ba su saye da ido kawai. Suna aunawa, suna sa shi ƙarƙashin gilashin da ya fi na mai agogo sau da yawa, suna gwada shi da wanda aka tabbatar, domin masu liƙa S na ƙarya a kuɗin Amurka sun daɗe da koya musu wayo. Ya ce kuma ko da shidan gaskiya ce, kwabon da ya cinye haka ya zubar da mafi yawan darajarsa. Amma ya sani a ransa cewa ba wannan ne dalilinsa ba. Shekara talatin da biyu yana kama yara suna gyara maki a takarda, suna mai da uku takwas, yana hora su a gaban aji. Bai ga yadda zai tsufa ya kai kwabon uwarsa a yi masa haka ba.

Wata biyu ke nan ƙunshi yana hannunsa, kuma magana ta fara dawo masa daga bakin mata. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya tara su a zaure. Ƙanensa bai ɓoye ba, ya ce: «Yaya, mutane suna cewa an zo daga Kano an gan ka.» Mushe ya shimfiɗa ƙyallen, ya zuba kwabban, ya sa ƙanen ya ƙidaya da hannunsa. Guda 161. Sa'an nan ya miƙa masa gilashin, ya nuna masa inda zai duba, ya karanta musu littafin layi layi: shekara, sunan sarki, harafi, yawan da ke cikin ƙunshi, da abin da kundi ya ce. Ƙanen ya daɗe da gilashi a ido yana neman H. Da ya gan ta sai ya yi dariya kamar yaro, ya ɗauki wani ya ce wannan KN ce. Ba wanda ya sake ta da zancen mutanen Kano.

Auta tana zaune a gefe, ba ta ganin kome sai haske da inuwa. Ya ɗauki mai cinyayyen bakin ya sa mata a tafi, yana shirin yi mata bayanin 1946 da 1947. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta tsaya a wurin da ya cinye, sai ta ce: «Yaya, ai wannan kwabon ƙanzo ne. Da shi Inna take kankare tukunyar tuwo. Kullum ta nan take riƙe shi.» Ta kama shi yadda tsohuwar take kamawa, babban yatsa bisa huji, sai ga cinyayyen bakin ya fuskanci ƙasa daidai. Su biyun maza, da aka tura lakkwal da kasuwa tun suna ƙanana, ba su taɓa sanin wannan ba. Ita ce take tsugune a madafa tana jiran a miƙo mata ƙanzon.

Rabon bai yi wuya ba. Da yardar mazan biyu aka ware wannan guda aka bar mata, saura 160 aka kasa su biyar bisa ƙa'idar gado: 64, 64 da 32. Aka sayar da tumakin uku, Mushe ya ƙara daga kuɗin fanshonsa, ƙanen ya kawo abin da ya samu, ɗan ya jinginar da rabin jarinsa, aka yi mata aikin ido ɗaya kafin damina, ɗayan kuma bayan kaka.

Daga cikin kasonsa Mushe ya zaɓi goma sha biyu, ya ɗinke su a kwali ta hujinsu, ya rubuta a ƙarƙashin kowane shekararsa da sarkinsa da garin da aka buga shi. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ƙara masa anini biyu. Ya kai kwalin lakkwal ɗin unguwa, inda wata tsohuwar ɗalibarsa take riƙe da ajin ƙarshe. Yaran duka sun san a ce mutum ba shi da ko anini, sun san a ce abu bai kai sisin kwabo ba, amma ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Suka yi layi, gilashin mai agogo yana bin hannu hannu, aka nemo Birmingham da Pretoria a taswira, aka yi lissafin kwabo nawa ne a fam uku da fataka. Da zai tafi ya roƙi malamar ta gaya wa abokan aikinta da ƙungiyoyin raya al'adu na gari cewa irin wannan ƙunshi yana nan a ɗakunan tsofaffi daga Ƙwanni har Magarya, kuma duk wanda ya samu kada ya goge shi, kada ya miƙa wa mai alkawarin miliyoyi. Ya rubuta abin da ke jikinsa, ya tambayi tsohuwar da ta aje shi tun tana da rai.

Ranar da aka kwance wa Auta ido na biyu, ya je gaishe ta. Ta sa aka ɗauko kwabon daga bakin zanenta, ta karɓi gilashin, ta matsa bakin ƙofa inda rana take. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce ta ga S ɗin, ta ga A, ta ga 194. Ya tambaye ta ko ta ga wani abu bayan huɗun. Ta ce babu, Inna ta kankare shi tare da ƙanzo. Ta mai da shi bakin zane ta ƙulle.